Inshorar gida a Jidda: abin da take biya idan ambaliya ta shigo, da inda masu gida ke tafka asara

Kamfanonin inshora na Saudiyya, irin su Tawuniya da Al Rajhi Takaful da Walaa da GIG, suna sayar wa ɗaiɗaikun mutane inshorar gida, kuma galibi ana gama saye ta manhajar waya kafin shayi ya huce. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa ko iƙama (katin izinin zama na baƙi), da adireshin ƙasa na gidan, da kuɗin da kake so a lamunce maka. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne: ga wanda ke zaune a filla (gida mai zaman kansa), ko a hawan ƙasa na bene, a gabashi ko kudancin Jidda, ta cancanci kuɗinta nesa ba kusa ba. Amma saukin sayen nan shi ne babban aibinta. Manhaja tana nuna maka farashi da manyan haruffa, sharuɗɗan da za su yanke hukunci ranar da ruwa ya shigo kuwa suna can cikin doguwar takarda da Larabcin lauyoyi, wadda da wuya a sami mai buɗe ta.

Jidda ba ta cikin hanyar manyan guguwar teku. Waɗanda ke tasowa daga Tekun Larabawa, irin Gonu a 2007 da Mekunu a 2018 da Shaheen a 2021, gaɓar Oman da Yaman suka fi yi wa ɓarna. Matsalar Jidda ruwan sama ne mai zuba lokaci guda a kan duwatsun gabas, ya gangaro ta kwaruruka irin Wadi Ƙaus da Wadi Gulail da Wadi Bani Malik yana neman teku, birnin kuma yana zaune a tsakani. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, wadda ta dace da 8 ga Zulhajji, alhazai na shirin fita Mina, ruwa ya ci unguwar Ƙuwaiza da babban titin Haramain, mutum fiye da 100 suka rasu. A ƙarshen Janairun 2011 aka sake yi, madatsar Ummul Khair ta ɓalle. Bayan nan gwamnati ta gina madatsun ruwa da manyan magudanai a ƙarƙashin kulawar kamfanin mai na Aramco, kuma sun yi aiki, domin ranar 24 ga Nuwamba 2022 hukumar yanayi ta auna milimita 179 cikin kusan awa shida a kudancin birnin, fiye da na 2009, amma rayukan da aka rasa ba su kai ko kusa ba. Sai dai madatsa tana tare ruwan dutse ne kawai. Wanda ya zuba a kan titinku yana nan, kuma a 2022 ɗin ya shiga gidaje da gareji ya ja motoci. Daga Nuwamba zuwa Janairu ne aka fi fuskantar wannan.

Akwai wani dalili da ya shafi jama'armu Hausawa mazauna Jidda kai tsaye. Rushe tsofaffin unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021, ciki har da Gulail da Karantina da Sabil da Hindawiyya, ya sa iyalai da dama sauya mazauni. Wanda ya yi shekara talatin a lungu ɗaya ya san inda ruwa ke kwanciya. A sabuwar unguwa bai sani ba. Kafin ka sa hannu a kan haya ko inshora, tambayi mai gadin benen da mai kantin da ya daɗe a layin inda ruwan 2022 ya tsaya, ka kuma duba jikin katanga daga waje, sau da yawa shatin yana nan.

Tambayar da ake fara yi ita ce ta halacci. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1397 Hijira, da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1985, sun haramta inshorar kasuwanci sun halatta ta taimakekeniya. Kamfani na farko a kan wannan tsari a Sudan aka kafa shi a 1979. Dokar Saudiyya ta 2003 ta wajabta wa duk kamfanonin ƙasar bin tsarin taimakekeniya, kuma ƙa'idojinta sun ce a mayar wa masu inshora kashi 10 cikin 100 na rarar da ta rage, ko a ba su a hannu ko a rage musu a kuɗin baɗi. Akwai malaman da suke ganin wannan kaso bai isa a kira tsarin taimakekeniya ta gaskiya ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai takardar kamfanin wurin malamin da ya amince da shi, ya kuma duba ko kamfanin yana da kwamitin shari'a.

Takardar gida ta kasu kashi biyu manya, gini da kayan ciki. Mai gida yana iya sayen duka biyun. Ɗan haya, wato yawancin masu iƙama da ke zaune da kwangilar Ejar (tsarin gwamnati na rajistar haya), kayan ciki kawai zai saya, domin ginin ba nasa ba ne. Gobara, fashewar tukunyar gas, fashewar bututun ruwa da sata ta hanyar fasa ƙofa su ne ginshiƙin kusan kowace takarda. Wasu suna ƙara kuɗin kama masauki idan gida ya ƙi zaunuwa, da biyan maƙwabci idan tankinka ya yi ambaliya ya lalata masa silin. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai ga mai zama a hawa na biyu ko na uku.

Yanzu ga inda ya kamata a zauna a karanta da natsuwa. Kalmar ruwa a takardar inshora ba abu ɗaya take nufi ba, kuma mai tantance ɓarna zai fara da tambayar ta ina ruwan ya shigo. Idan daga titi ya kwararo ta ƙofa, wannan ambaliya ce, kuma sai an rubuta ta ƙarara a jadawalin takardarka ake biya. Nemi kalmomin "suyul" da "fayadanat" (ambaliya) da "awasif" (guguwa) a ƙarƙashin haɗurran da aka lamunta. A wasu kamfanoni suna cikin kunshin tun asali, a wasu kuma ƙari ne da ake zaɓa a biya daban, kuma kunshin da ya fi araha a manhaja shi ne aka fi samun an cire su. Idan ruwan ta rufi ya sauko saboda shafen hana yoyo ya tsufa ya tsage, ko indararo ya toshe da ƙura da kashin tattabaru har ruwa ya taru a soro, kamfani zai ce rashin kula ne da tsufan gini, kuma takardu kusan duka sun cire wannan. Haka idan an bar taga a buɗe. Idan kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya riƙa tsattsafowa a hankali ta daɓen ɗakin ƙasa har fenti ya kumbura gishiri ya fito a bango, abin da ya zama ruwan dare a unguwannin Jidda da ruwan ƙasa ya yi kusa da sama, shi ma ba a biya, domin inshora tana biyan abin da ya faru kwatsam ne. Na huɗu shi ne mafi muni kuma shi aka fi yin gardama a kansa, wato ruwan bayyara (ramin tara ruwan ƙazantar gida) ko na babban bututun ƙazanta ya juyo baya ya fito ta masai da magudanar banɗaki. Wasu takardu suna biya idan ambaliyar ce ta jawo, wasu sun cire shi gaba ɗaya. Ka tambaya a rubuce, ta imel ko ta saƙon manhaja, ka ajiye amsar. Maganar baki ta ma'aikacin waya ba ta da nauyi ranar hisabi.

Abin da ke waje ma yana da nasa hukuncin. Iska mai zuwa gaban hadari tana ɗaga rumfar mota, ta kayar da kwanon setilayit da tankin soro, ta ture ƙofar gareji. Takardu da yawa ba sa biyan ɓarnar iska ko ambaliya a kan katanga, ƙofar waje, rumfa da duk abin da ke fili, sai an ambace su. Injin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na waje, da dinamon tura ruwa da ke zaune a ƙasa kusa da tanki, su ne ruwa ke fara ci, don haka a tabbatar an lissafa su a cikin gini. Mota kuwa, ko tana cikin gareji, ba ruwan inshorar gida da ita. Tata ce daban, kuma inshorar dole da ke biyan wanda ka buge ba ta ba ka ko riyal ɗaya idan ruwa ya ci motarka, sai cikakkiya.

Kuskure mafi tsada yana wurin rubuta kuɗin gini. Inshora ba ta lamuntar fili, domin ruwa ba ya tafiya da shi. Abin da ake so shi ne kuɗin sake gina gidan a yau, da kuɗin kwashe ɓaraguzai da na injiniya. Wasu suna rubuta kuɗin da suka sayi gidan har da fili, sai su yi ta biyan ƙari a banza. Mafi yawa kuma suna rage adadin da gangan don kuɗin shekara ya sauko, da tunanin ai ambaliya ba za ta rushe gidan duka ba. A nan ne sharaɗin daidaito, wanda takarda ke kira "nisbiyya", yake kama su. A ce sake gina gidan zai ci riyal 1,000,000, kai kuma ka rubuta 600,000. Ruwa ya lalata hawan ƙasa, gyara ya kama 200,000. Ba 200,000 za a ba ka ba, ko da yake bai kai adadin da ka rubuta ba. Za a ce kashi 60 cikin 100 na gidan ka yi wa inshora, saboda haka kashi 60 na ɓarnar za a biya, wato 120,000, sannan a cire kason da ke kanka. Ka rasa 80,000 don ka tsira da 'yan ɗaruruwa a shekara. Hanyar da ta dace ita ce ka ɗauki yawan murabba'in mitar ginin daga lasisin gini, ka tambayi ɗan kwangila ko ofishin injiniya nawa ake gina mita ɗaya a yanzu da irin ƙarasawar gidanka, ka ninka, ka sake duba adadin duk shekara biyu ko duk lokacin da ka ƙara ɗaki a soro.

Farashi kuwa yawanci kaso ne cikin dubu na adadin da aka lamunta. Misali, idan kamfani ya yanka maka 1 cikin 1,000 a kan gini na riyal 1,000,000, kuɗin shekara 1,000 ke nan, a ɗora harajin kaya na kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020, ya zama 1,150, wani lokaci da ɗan kuɗin takarda. Wannan lissafin misali ne, kason na gaskiya yana sauyawa da shekarun gini, unguwa, ko akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da ko an taɓa neman biya a baya. Ƙananan kunshin kayan ciki na ɗan haya suna tsayawa a ɗaruruwan riyal a shekara. Idan kana kwatanta kamfani biyu, ka tabbatar duka farashin da haraji ne ko duka babu, domin nan ma ana ruɗuwa.

Ragi na gaskiya yana wurin "tahammul", wato kason farko na kowace ɓarna da kai za ka ɗauka. Ɗaga shi yana sauke kuɗin shekara ba tare da taɓa kariyarka daga babbar asara ba. Ƙa'idar ita ce ka zaɓi adadin da za ka iya fitarwa cikin mako guda ba tare da cin bashi ba. Amma ka lura, jadawali yakan ɗauki tahammul biyu, ɗaya na gobara da sata wanda yake tsayayyen adadi, ɗaya na bala'in yanayi wanda sau da yawa kaso ne cikin ɗari tare da mafi ƙarancin adadi. Bambancin da ke tsakanin kashi 5 na ɓarna da kashi 5 na adadin inshora gaba ɗaya ba ƙarami ba ne. A kan ɓarnar 200,000 a gidan 1,000,000, na farko 10,000 ne, na biyu 50,000. Irin na biyun ne ake yi wa masu gida a Florida ta Amurka a kan guguwa, inda ake yanka kashi 2 ko 5 ko 10 na kuɗin gini. Idan ka gan shi a takardar da aka kawo maka a Jidda, nemi wani kamfanin. Araha ba ta ado.

Sauran ragin ƙanana ne. Tambayi ko akwai sauƙi ga wanda bai nemi biya ba a bara, ko ga mai inshorar mota a kamfanin. Karɓi farashi daga kamfani uku a kan adadi ɗaya da tahammul ɗaya. Kada ka nemi biyan ƙaramar ɓarna da ta ɗara tahammul da kaɗan, domin za ta bi ka zuwa sabuntawa.

Kuɗin da ya fi komawa aljihu shi ne wanda aka kashe a jikin gidan kafin Nuwamba, ko kamfani ya rage maka saboda shi ko bai rage ba. A hau soro a share bakin kowane indararo a zuba bokiti a ga ruwa ya fita. A duba shafen hana yoyo a kusurwoyi da gindin tanki, nan yake fara tsagewa, a gyara, a ajiye rasit, domin shi ne hujjarka idan aka ce ba ka kula da gida. A sa bawul mai hana ruwa komowa a bututun ƙazanta kafin ya fita gida, a wurin da za a iya buɗewa a wanke shi, don idan tsumma ya maƙale a murfinsa ya daina aiki. A ɗaga bakin tankin ƙasa sama da daɓen tsakar gida a sa masa murfi mai roba, in ba haka ba ruwan titi da na bayyara zai shiga ruwan shanku, sai an kwashe an wanke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. A ɗora dinamo da injin mukayyif a kan dakali ko ƙarfen bango sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa. Garejin da ke gangarawa ƙasa yana bukatar tudu a bakinsa da famfon tsotse ruwa, a kuma tuna cewa wuta takan ɗauke daidai lokacin da ake bukatarsa.

A ɓangaren kayan ciki, gidajenmu suna da abin da kunshin manhaja bai yi la'akari da shi sosai ba. Kafet daga bango zuwa bango, kujerun majalisa na ƙasa, katifu, firji da injin wanki, duk a ƙasa suke, ruwa mai tsayin taƙi ɗaya ya ishe su. Bi ɗaki ɗaki ka rubuta, ka ɗauki bidiyo, ka ajiye hotunan rasit a imel. Ka tambaya ko sabo ake maye wa ko ana cire kuɗin tsufa, domin idan ana cirewa, firjin shekara takwas ba zai kawo abin sayen wani ba. Gwal ɗin uwargida da kayan auren 'ya'ya mata su ne suka fi bukatar kulawa. Takardu suna sa iyaka a kan kayan ƙima gaba ɗaya, da wata iyakar a kan kowane abu guda. Sarƙar da ta wuce wannan iyaka sai an ambace ta da nauyinta da rasit ɗinta, wani lokaci da sharaɗin ajiye ta a akwatin ƙarfe. Tsabar kuɗi kuwa ko dai ba a biya ko kaɗan ake biya.

Sharuɗɗa biyu suna yawan karya da'awar mutanenmu. Na farko na barin gida ba kowa. Takarda tana faɗin adadin kwanaki a jere, sau da yawa 30 ko 60, wanda idan gida ya wuce shi a rufe, kariyar sata da ta ruwan bututu tana tsayawa. Iyalin da za su yi dogon hutu a Kano ko Zinder ko Wad Madani su sanar da kamfani kafin tafiya, su rufe babban famfo. Na biyu na sana'a ne. Ɗakin da aka cika da abaya, jallabiya, turare da dabino ana jiran a aika gida, haja ce ta kasuwanci, inshorar gida ba ta biyanta. Dafa abincin sayarwa da manyan tukwanen gas, ko saukar da baƙi da kuɗi, idan ba a faɗa wa kamfani ba, yana iya sa a ƙi biyan gobarar gaba ɗaya saboda an ɓoye abin da ke ƙara haɗari.

Kada a ɗauka wata takardar ta wadatar. Inshorar ɓoyayyun aibobi da aka wajabta a kan sababbin gine-gine ta shekara 10 ce, kuma aibin gini take biya, ba ambaliya ba. Wanda ya sayi gida da kuɗin banki kuma, inshorar da ke cikin yarjejeniyar galibi ginin take karewa saboda haƙƙin banki, kayanka ba sa ciki. Nemi kwafinta ka duba kafin ka sayi ta gini sau biyu. Gidan da ba shi da sakki (takardar mallaka) ko lasisin gini zai yi wuya a karɓi gininsa.

Ranar da abin ya faru, a kashe wuta daga babban allo idan ana iya kaiwa gare shi ba tare da taka ruwa ba, a fitar da yara da tsofaffi, a kira 911 ko 998 idan akwai haɗari. Kafin a fara shara, a ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki, a kafa awo a jikin bango don a ga tsayin ruwa, a ɗauki titin ma don a nuna daga ina ya zo. A sanar da kamfani a ranar ko washegari a karɓi lambar da'awa. Hana ɓarna ƙaruwa wajibi ne a kanka, saboda haka a kwashe ruwa a ɗaga abin da ya tsira, amma kada a zubar da kafet ko katifa ko a fara gyara na dindindin kafin mai tantancewa ya gani. Idan wari ya tilasta fitar da kafet, a yanki gutsure a ajiye. Kada a kunna firji ko mukayyif da ya jiƙe don gwaji. Gobara tana bukatar rahoton Difa'ul Madani ('yan kwana-kwana), sata kuma rahoton 'yan sanda.

Ƙa'idojin dokar sun ba kamfani kwana 15 ya kammala da'awar ɗaiɗaikun mutane daga ranar da takardu suka cika, ana iya ƙara wasu 15. Lissafin yana farawa ne daga cikar takardu, don haka ka nemi jerin abin da ake so tun ranar farko, ka kuma nemi a tabbatar maka a rubuce cewa sun cika. Idan an ƙi biya ko an rage, nemi dalili a rubuce tare da lambar sharaɗin da aka dogara da shi, kuma kada ka sa hannu a takardar sallama ta ƙarshe alhali ba ka yarda da adadin ba. Ƙara tana farawa daga sashen koke na kamfanin, sannan Hukumar Inshora wadda ta karɓi kula da harkar daga Babban Bankin Saudiyya a 2023, sannan kwamitocin warware rigingimun inshora. Wanda Larabcinsa na kasuwa ne ya tafi da wanda zai karanta masa takardar layi layi, tun ranar saye da kuma ranar ƙara.